A tura yaranmu su karanto binciken hatsari, su dawo su koyar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka baki ɗaya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar, maganar ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni malami ne a wata kwalejin fasaha a nan Jidda. Injiniyancin kanikanci na karanta a gida, ƙarin karatu ya kawo ni ƙasar nan, daga baya aiki ya riƙe ni. Abin da nake koyarwa shi ne yadda ake zuwa wurin da aka yi hatsarin mota a auna, a tattara shaida, a yi lissafi har a gano abin da ya faru tun kafin karo. Duk lokacin Hajji da Umara 'yan uwa da mutanen garinmu kan neme ni, kuma da wuya mu rabu ba a roƙe ni in nema wa wani yaro gurbin karatu ba. Jami'ar Musulunci ta Madina ake so, ko Ummul Ƙura a Makka, in kuwa yaron na kimiyya ne to likita. Duk alheri ne, ni ma ina taimakawa iyakar iyawata. Amma in na ce ko za a gwada fannin forensik, wato kimiyyar gano hujja, ko binciken hatsari, sai uban ya ce ai wannan aikin 'yan sanda ne, uwar kuma ta ce ba za ta tura ɗanta taɓa gawa ba. Saboda waɗannan iyaye na rubuto, da kuma masu riƙe da jami'o'inmu da hukumomin ba da tallafin karatu na jihohin Arewa. Muna bukatar masu bincike, gaskiya ne, amma abin da muka fi bukata shi ne malaman jami'a da za su zauna a gida suna haifar da masu binciken shekara bayan shekara.

Bari in fara da abin da ya faru a garin da nake zaune. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda Nigeria Airways ya yi haya don jigilar alhazai, ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz zai nufi Sakkwato. Mutum 261 ne a ciki, fasinja 247 da ma'aikata 14, kuma babu wanda ya fita. Allah ya jiƙansu, ya karɓi aikin Hajjinsu. Duk wanda ya yi wayo a wancan lokacin a Sakkwato, Kabi da Zamfara ya tuna zaman makokin. Amma in ka tambayi mutanenmu yau me ya kayar da jirgin, mafi yawa za su ce wuta ce ta kama, shi ke nan. Me ya kawo wutar?

Masu bincike sun bi titin jirgin suna tsintar gutsattsarin roba da ƙarfe, suna auna inda kowane ya faɗi. Sun gano cewa tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska tun kwanaki kafin ranar. Idan taya ɗaya ta yi laushi, 'yar uwarta da ke gefe ita ke ɗaukar nauyin duka, ga doguwar tafiya a ƙasa kafin a kai bakin titin tashi, ga zafin Jidda na watan Yuli. Taya ta fashe a guje, ta biyu ta bi ta, ƙarfen wili ya riƙa gurzar kwalta har ya kama da wuta. Matuƙan ba su san da wutar ba, domin jirgin ba shi da na'urar jin zafi a ramin da tayoyi ke shiga. Suka tashi, suka naɗe tayoyin cikin jirgi da wutarsu, a wurin da bututun mai na sarrafa jirgi da wayoyin lantarki suke. Sun yi ƙoƙarin komowa, jirgin ya faɗi saura kaɗan ya kai titi. Binciken bai tsaya a ƙarfe ba. An duba takardun gyara aka ga an sauya lambobin awon iskar tayoyin don su nuna daidai, kuma an tabbatar da cewa a safiyar an nemi iskar naitirojin da za a ƙara, ba a samu da wuri ba, aka zaɓi a tashi kada a makara.

Wanda ya karanta roba, da wanda ya karanta ƙarfen da ya narke, da wanda ya gane an taɓa rubutu a takarda, duk mutane ne da wani malami ya koyar a wani aji. Mu ne muka yi rashin, amma ba mu ne muka jagoranci gano dalilin ba, kuma har yau rahoton bai zama darasi a bakin mutanenmu ba. Direban da ke lodi a tashar Gusau da taya 'yar gwanjo mai laushi, a zafin watan Afrilu, abin da ya kayar da wancan jirgi shi yake ɗauke da shi.

Na san abin da wasu za su ce, domin ana faɗa mini a fuska: ajali ne, in kwana ya ƙare ai babu makawa. Na yi imani da haka, kuma ban taɓa tsayawa a kan gawa ina jin cewa da an yi kaza da bai mutu ba a ranar da Allah ya rubuta. Amma Sayyidina Umar da ya fasa shiga Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. A Suratu Yusuf kuwa, da magana ta zama ta mutum biyu kowa na musu, rigar aka duba: in daga gaba ta yage ga mai gaskiya, in daga baya ne ga mai gaskiya. Ibn Farhun, alƙalin Madina kuma Bamalike irinmu, ya yi dogon bayani a kan yanke hukunci da alamomi. Wannan ilimi ba baƙonmu ba ne. Maharbanmu da masu bin sawun ɓarayin shanu sun san shi tun da daɗewa, kamar yadda 'yan ƙabilar Al Murra suka yi suna a ƙasar nan wajen bin sawu har hukuma ta riƙa ɗaukarsu aiki.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da mu. Idan direba ya kashe mutum a hanya, shari'a na son ta san ko ya yi sakaci. A kan amsar ne diyya ta rataya, da kaffarar azumin wata biyu a jere. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda hedikwatarta ke nan Jidda, ta zauna a Burunai a 1993 ta fitar da matsaya a kan hatsarin mota, inda ta ɗora alhaki gwargwadon sakaci da ƙetare doka, ta kuma ɗauke shi daga wanda abin ya fi ƙarfinsa. A Saudiyya diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce. To wa zai faɗa wa alƙali ko akwai sakaci? Na sha zama da direbobinmu masu jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina, mutum ya zo hankalinsa a tashe yana tambaya, "Malam, ni ne sanadi ko ba ni ba ne?" Malamin fiƙihu zai ce masa in ka yi ganganci akwai kaffara a kanka. Ni kuma nawa shi ne in duba ko ya yi. Mu biyun yake bukata, amma a gida ɗaya kawai yake samu.

Ga kaɗan daga abin da ɗalibaina ke koya, don iyaye su ga karatu ne na gaske. Idan mota ta taka birki tayoyi suka kulle, sukan bar baƙin zane a kwalta. Daga tsawon zanen da kaushin kwaltar ana fitar da gudun motar. A busasshiyar kwalta mai kyau, zane mai tsawon mita 50 na nufin motar na gudun kusan kilomita 94 a awa, in a ƙarshen zanen ta tsaya. In kuwa karo ne ya tsayar da ita, gudun ya fi haka, sai a haɗa da zurfin lotsawar ƙarfe da nisan da motocin suka yi bayan karo. Mai gudun kilomita 60 yana bukatar kamar mita 20 ya tsaya bayan ya taka birki. Mai gudun 120 yana bukatar sama da mita 80, ninki huɗu ke nan. Kafin ma ƙafarsa ta kai kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, ya ci wata mita 50. Jimla mita 130, alhali fitilar ƙasa ba ta haska rabin wannan. Wanda ke gudun 120 da dare a hanyar Kano zuwa Zariya, in ya hango tirela a tsaye babu alama, lissafi ya riga ya gama da shi kafin ya gan ta.

Direban tirelar zai rantse cewa fitilunsa na baya a kunne suke. Sai mu ciro kwan fitilar mu sa a madubin ƙara girma. In tana kunne lokacin karo, zaren da ke ciki yana da zafi, sai ya miƙe ya lanƙwashe. In a kashe take, zaren na karyewa ne tsaf ko ya zauna yadda yake. Wani zai ce taya ce ta fashe ta jawo hatsarin, sai mu duba ko fashewar ta riga karo ko karon ne ya fasa ta, domin tayar da ta yi tafiya da ƙarancin iska takan bar ƙuna da garin roba daga ciki. A jikin yawancin tayoyin ƙananan motoci akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, akwai kuma harafin A, B ko C da ke nuna juriyar zafinta, abin da fakanaiza da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Ƙarfen da ya karye shi ma yana magana: wanda ya daɗe yana tsagewa a hankali yana da layi-layi masu santsi a bakin karayar, wanda ya karye farat ɗaya kuwa bakinsa kaushi ne. Motocin zamani ma sun sauƙaƙa wani abu. Na'urar da ke sarrafa jakar iska tana ajiye bayanin kamar daƙiƙa biyar kafin karo: gudu nawa, an taka birki ko totur, an ɗaura bel ko ba a ɗaura ba. Da yawa daga motocin Beljiyam da ke yawo a titunanmu suna ɗauke da ita, sai dai babu mai karantawa. Yanzu da ƙaramin jirgi marar matuƙi da na'urar awo ta leza ana ɗauke taswirar wurin hatsari cikin ɗan lokaci a buɗe hanya, a koma ofis a sake gina abin da ya faru a kwamfuta.

Wannan ɓangaren injiniya ke nan. Ɗaya ɓangaren na ɗakin gwaje-gwaje ne: mai ilimin sinadarai da zai duba jinin direba ya ga ko akwai tiramol ko wani abin maye da kuma yawansa, mai binciken gobara da zai gano inda wutar kasuwa ta fara da abin da ya tashe ta, mai zanen yatsa, mai gwajin ƙwayoyin halitta, da likitan da ke tantance sanadin mutuwa. Likitan nan ne kaɗai aikinsa kullum ke kan gawa, shi ma yanzu na'urar hoto ta CT na rage yanka ƙwarai, abin da ya dace da mu masu gaggawar yi wa mamaci sutura. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar haɗin kan Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 2002 ta halatta amfani da gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halitta, wajen binciken laifukan da babu haddi ko ƙisasi a cikinsu, da wajen gane gawarwakin da hatsari ko gobara suka ɓata kamanninsu. 'Ya'yanmu mata na da babban gurbi a nan, domin akwai shaidar da mace za ta fi sakin jiki ta bayar ga mace 'yar uwarta.

Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 bai bar raina ba. Tankar mai ta faɗi da dare, mutane suka fito kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, da yawa aka haɗa su a kabari ɗaya. Bayan 'yan watanni aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. An yi ta magana a kan talauci da kwaɗayi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma tambayoyin da nake so in ga an amsa a rubuce daban ne. Me ya kayar da tankar? Cike take ko rabi, domin man da bai cika tanki ba yakan yi tangaɗi ya ture mota a kwana? Me ya sa murfinta ya zubar bayan ta kwanta, alhali an ƙera shi don ya riƙe? Awa nawa direban ya yi bai runtsa ba? Minti nawa tsakanin faɗuwa da tashin wuta, kuma wa ya isa wurin a cikin mintocin nan? Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwarara cikin kwata, kuma in ya kai kashi biyu cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Mutumin da ke tsaye nesa da tankar yana ganin ya tsira, alhali a cikin tururin yake tsaye. Da akwai sashe a jami'ar Dutse ko ta Bayero da wannan ne aikinsa, da malami da ɗalibansa sun kwana a wurin, da yau akwai takardar da za a ɗora a gaban masu tankoki da 'yan majalisa.

Ƙasar da nake zaune ba ta fi mu tsoron Allah ba, ba ta kuma fi mu hankali ba, amma ta ɗauki wannan abu da gaske. Bayan gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci sama da mutum 340, an sauya tantunan da waɗanda ba sa cin wuta, aka hana girki da tukunyar gas a cikinsu. Bayan turmutsitsin Jamarat na 2006 an ba masana, cikinsu har da Farfesa Dirk Helbing na Jamus, hotunan bidiyo suka nazarci yadda taro ke rikiɗewa in ya matsu, aka gina gada mai hawa-hawa, hanyar shiga daban ta fita daban, aka tsara lokutan jifa. Jami'ar Ummul Ƙura na da cibiya guda da binciken Hajji da Umara kaɗai ne aikinta. Abin da ya faru a Mina a 2015, inda muka rasa mutane irin su Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, ya nuna aikin bai ƙare ba. A kan titi kuwa, a 2016 sama da mutum 9,000 suka mutu a hatsarin mota a Saudiyya. Zuwa 2021 adadin ya sauka ƙasa da 7,000. Kyamarorin Sahir masu kama masu karya dokar hanya da aka fara kafawa a 2010, da duba lafiyar motoci da ake yi shekara-shekara, da gyaran wuraren da hatsari ya fi yawa, duk sun taimaka. In aka yi ƙaramin karo, ma'aikacin Najm, kamfanin da ke duba hatsarin motoci masu inshora, ke zuwa ya auna ya raba laifi, kashi 25, 50, 75 ko 100. In da rauni ko mutuwa, murur, wato 'yan sandan hanya, ke karɓa. Kowane hatsari na shiga rumbun bayanai, kuma daga rumbun nan malaman jami'a ke ɗiba su yi bincike.

Yaron da ke son wannan hanya, shawarata ita ce ya fara da digiri mai ƙarfi a kimiyya tsantsa: kemistiri, fiziks, bayokemistiri, injiniyancin kanikanci ko na gine-gine, kwamfuta, ko likitanci. Forensik a digiri na biyu ya fi daɗin ɗorawa, domin wanda bai ƙware a lissafi da sinadarai ba zai zama mai danna na'ura ne kawai, kuma lauya mai wayo zai kwance masa zani a kotu. A Riyad akwai Jami'ar Nayif ta kimiyyar tsaro, wadda aka kafa a 1978 kuma take ƙarƙashin majalisar ministocin cikin gida na ƙasashen Larabawa. Tana da ɗakunan gwaje-gwaje masu kyau, akasarin ɗalibanta jami'ai ne da gwamnatoci ke turowa, don haka ta hannun hukuma ya kamata a ƙwanƙwasa ƙofarta. Jami'ar Sarki Fahad da ke Zahran na ɗaukar baƙi a digiri na biyu da na uku na injiniya. A Birtaniya, Jami'ar Cranfield ta yi suna wajen binciken hatsarin jirgin sama da na ƙasa, ta Strathclyde da ke Sikotlan kuma a forensik. Indiya na da jami'a sukutum ta forensik a Gandhinagar, har ta buɗe reshe a Yuganda. Jami'ar Ribaɗ ta Khartum ma ta horar da mutane da yawa a wannan fanni kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Ba zan yaudari kowa ba, hanyar doguwa ce. Bayan digiri na biyu sai mutum ya yi aikin fili na wasu shekaru, don malamin da bai taɓa durƙusawa a kan kwalta da tef a hannu ba, ɗalibai kan gane shi tun a makon farko. Sannan digiri na uku, sannan rubuce-rubucen bincike da ake hawa matakan jami'a da su, daga ƙaramin lakcara har farfesa. Albashin bai kai na kamfanin inshora ba. Za a tashe ka da tsakar dare. Za ka ga abin da zai hana ka cin abinci. Za ka tsaya gaban alƙali lauya na neman ya nuna ba ka san aikinka ba, kuma wata rana abin da ka gano zai saɓa wa mai kuɗi ko mai mulki, a zo maka da ambulan ko da barazana. Kowace shaida sai an rubuta wa ya ɗauka, yaushe, ya miƙa wa wa. In sarƙar ta yanke a wuri ɗaya, aikin wata shida ya tafi. Wanda ba shi da haƙuri da riƙon amana ya nemi wata sana'ar.

Wani zai ce ai muna da hukumomi. Muna da su. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa na nan tun 1988. Hukumar NSIB, wadda dokar 2022 ta ba ta binciken hatsarin jirgin sama da na ƙasa da na ruwa, tana da ɗakin karanta baƙin akwati, wato na'urar naɗar bayanan jirgi, a Abuja. Jihar Legas ta buɗe cibiyar DNA a 2017. A Zariya muna da kwalejin tuƙin jirgin sama da cibiyar fasahar sufuri. Sai dai jami'in hukuma yana gama rahoton yau gobe wani hatsarin na jiransa, ba shi da lokacin da zai haɗa hatsari ɗari ya ga abin da ya haɗa su. Malamin jami'a ne ke da wannan lokaci, shi ne kuma ba ya ƙarƙashin wanda ake bincika. Kuma kimiyyar nan ma tana kuskure in ba a sa mata ido. A 2004, bayan harin jiragen ƙasa na Madrid, hukumar FBI ta Amurka ta kama wani lauya Musulmi a jihar Oregon bisa zanen yatsan da ta ce nasa ne, daga baya 'yan sandan Sifen suka nuna na wani ne daban. A 2009 majalisar kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoton da ya nuna cewa hanyoyin forensik da dama ba a gwada ingancinsu yadda ya kamata ba. Masu irin wannan tankaɗe da rairaya malaman jami'a ne. In muka sayo na'urori ba mu tanadi masu tuhumar sakamakonsu ba, za mu ɗaure marar laifi da hatimin kimiyya.

Akwai kuma abin da babu wanda zai bincika mana. Alƙaluman kaushin titi da ke littattafan da nake koyarwa da su, an auna su ne a titunan Turai da Amurka. Wa ya auna na jar ƙasa, ko na kwaltar da ƙurar hunturu ta rufe? Wa ya nazarci yadda A Daidaita Sahu ke kifewa da mutum shida a ciki, ko tirela mai shanu a ƙasa mutane a sama? Wa ya auna nauyin da kwalekwalen katako zai ɗauka a kogin Kwara, bayan kifewar jirgin ruwa a Warra ta jihar Kabi a 2021, da na ɗaliban Islamiyya a Bagwai ta jihar Kano, shi ma a 2021? Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan digiri na uku ce, kuma Bature ba zai zo ya yi ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na taɓa rubuta tsarin kwas na shekara guda na aika wa wata jami'a a gida, na ce zan riƙa zuwa lokacin hutu ba tare da an biya ni ba. Amsar da na samu ita ce babu ɗakin gwaje-gwaje. To a sani, ɓangaren titi ba ya bukatar biliyoyi kafin a fara. Tef ɗin awo, na'urar safiyo da sashen gine-gine ke da ita, kyamara, kwamfuta, madubin ƙara girma, da motocin da suka yi hatsari da ke ruɓewa a harabar ofisoshin 'yan sanda, waɗannan sun isa shekarar farko.

Roƙona ga hukumomin tallafin karatu na Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato da sauran jihohinmu shi ne, cikin ɗaruruwan da ake turawa waje, kowace jiha ta ware ko da gurbi uku a shekara don wannan fanni, da sharaɗin a dawo a koyar a jami'ar jihar, kuma a tanadi gurbin aikin tun kafin yaron ya tafi don kada ya dawo ya rasa inda zai zauna ya sake ficewa. Jami'o'in su ƙulla yarjejeniya da hukumar kiyaye haɗurra da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, a riƙa kiran malami da ɗalibansa duk lokacin da aka yi babban hatsari, a kuma ba su bayanan da aka tara. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da masu tankoki su buɗe musu tasha da gareji. Ku kuma 'yan jarida, Edita, dokar sufurin sama ta duniya ta tanadi a fitar da rahoton farko cikin kwana 30 bayan hatsarin jirgi, kuma NSIB na sa nata rahotannin a intanet. Ina roƙon jaridarka ta ɗauki wakili guda da zai riƙa bibiyarsu yana mayar da su Hausa, ya kuma riƙa komawa wurin gwamnatocin da suka kafa kwamitin bincike bayan hatsari ya tambaye su ina rahoton. In kun fara da na jirgin alhazan 1991, ni zan taimaka da bayanin ɓangaren injiniya kyauta.

Wassalam.

Naka,
Malamin koyar da binciken hatsari,
Jidda, Saudiyya.